Magani kafin wuƙa, ko wuƙa kafin magani? Zaɓin da ke gaban mai sankarar mafitsara irin wadda ba a cika gani ba

Tun farko a raba wata gardama. A gidajen rediyo da jaridun Hausa an saba kiran kansar furostet ta maza da sunan sankarar mafitsara. Ba ita muke nufi ba. Maganarmu a kan jakar nan ce da fitsari ke taruwa a cikinta, wadda mace da namiji kowa yana da ita.

Idan ƙari ya tsiro a wannan jaka, ya huda fatar ciki ya kama tsokar bangonta, amma hoto bai nuna ya fantsama zuwa huhu ko hanta ko ƙashi ba, babban aikin da ake yi don neman warkewa shi ne cire mafitsarar ɗungurungum. Ga namiji ana haɗawa da furostet, ga mace galibi har da mahaifa da wani ɓangare na gaban farji, a kuma kwashe kaluluwar da ke cikin ƙugu. Daga nan a yi wa fitsari sabuwar hanya da guntun hanji. Tambayar da ke raba kan likitoci, ta kuma hana iyali barci, ita ce: a shiga tiyatar yanzu, ko a fara ba da maganin kemo na wata biyu zuwa uku tukuna? Ga wanda ke jinya inda ake gudanar da bincike akwai hanya ta uku, wato shiga gwajin sabon magani kafin tiyata.

Dalilin fara magani mai sauƙin fahimta ne. Abin da ke kashe mai wannan ciwo ba kasafai ƙarin da likita ya gani ya cire ba ne. 'Yan ƙwayoyin da suka riga suka bi jini suka laɓe ne, waɗanda babu hoton da zai nuna su. Wuƙa ba ta kai musu, sai magani. Kuma jiki ya fi jure kemo kafin a yanka shi. A wata babbar cibiyar kansa da ke New York, an bibiyi mutum 1,142 da aka cire wa mafitsara, aka ga kashi 64 cikin 100 sun gamu da wata matsala cikin kwana 90 na farko. Wanda ke fama da miki da ya ƙi warkewa ko hanji da ya ƙi motsi ba ya ɗaukar kemo a kan lokaci, wani ma har abada. Amma fara magani yana da nasa farashi: idan ƙarin ba ya jin maganin, an ba shi kyautar wata uku yana girma, kuma ciwon da ake iya cirewa a watan Janairu zai iya manne wa ƙashin ƙugu kafin Afrilu.

Saboda haka duk maganar ta rataya a kan abu ɗaya: wannan ƙarin, yana jin magani ko ba ya ji? Amsar tana cikin takardar ɗakin gwajin tsoka.

Abin da aka tabbatar, da kuma a kan wa aka tabbatar da shi

A Turai da Amurka, kusan tara cikin goma na sankarar mafitsara daga ƙwayoyin fatar cikin mafitsara take tasowa, irin da za a ga an rubuta urothelial a takarda. A kan wannan iri ne aka yi manyan gwaje-gwaje. Gwajin SWOG 8710 na Amurka, wanda aka wallafa a 2003, ya raba mutum 317 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda suka sha zagaye uku na haɗin magungunan kemo huɗu da ake kira MVAC kafin tiyata, rabinsu sun wuce wata 77 a raye. Waɗanda aka yi wa tiyata kai tsaye, wata 46. Da aka duba mafitsarar da aka cire, kashi 38 cikin 100 na masu kemo ba a samu ko ɓurɓushin kansa ba, a ɗaya gidan kuwa kashi 15. Wani gwaji na ƙasa da ƙasa mai mutum 976 ya nuna bayan shekara goma kashi 36 na masu kemo suna raye, a kan kashi 30. Da aka tattara gwaje-gwaje 11 masu mutum 3,005 a 2005, ribar ta tsaya a kan mutum biyar cikin ɗari bayan shekara biyar. Ma'ana, cikin mutum ashirin da suka sha wahalar kemo, mutum ɗaya ne ya tsira wanda da ba don ita ba da bai tsira ba. Riba ce ta gaske, amma ba abin a buga ganga ba ce, kuma ya kamata likita ya faɗe ta haka.

Daga baya an ƙara gyara. Gwajin VESPER na Faransa ya nuna MVAC da ake bayarwa duk mako biyu ya fi wani haɗin kemo na gemcitabine da cisplatin idan kafin tiyata ne: kashi 66 a raye bayan shekara biyar, a kan 57. A 2024 gwajin NIAGARA mai mutum 1,063 ya ƙara durvalumab, maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, a kan gemcitabine da cisplatin, sai masu rai bayan shekara biyu suka kai kashi 82 a kan 75.

Duk waɗannan alƙaluma na irin da aka saba gani ne. Wanda takardarsa ta zo da wani suna daban bai kamata a karanta masa su kamar nasa ba.

Mai ƙananan ƙwayoyi: nan magani ne kan gaba

Irin da takarda ke kira small cell bai kai ɗaya cikin ɗari na sankarar mafitsara ba. Tagwayen irin na huhu ne: ƙwayoyinsa ƙanana, masu saurin rabuwa, masu shiga jini tun ƙarin bai kai girman goro ba. Sau da yawa yana zuwa cakuɗe da irin da aka saba gani, kuma ƙa'idar kula da masu sankara ta Amurka ta ce ko ɗan ɓangare ne aka gani, a ɗauki ciwon a matsayin mai ƙananan ƙwayoyi, ko da bai kama tsoka ba. Ana tabbatar da shi da rini na musamman a kan tsokar da aka yanko, irin su synaptophysin da chromogranin da CD56. Inda ɗakin gwaji ba shi da waɗannan, cikin sauƙi ake rubuta shi a matsayin kansa mai mugun hali kawai, a wuce.

Saurin rabuwar nan da ke sa shi mugunta shi ne kuma ke sa shi jin magani. Cibiyar MD Anderson da ke Houston ta yi ɗan ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2009. Mutum 18 da ciwonsu ke ciruwa sun sha zagaye huɗu, ana musanya ifosfamide da doxorubicin a zagaye ɗaya, etoposide da cisplatin a na gaba. A 14 daga cikinsu, da aka cire mafitsara, ciwon ya fita daga tsoka ko ya ɓace. A 2013 cibiyar ta waiwayi tsofaffin fayilolinta: mutum 48 da suka fara da magani, da 47 da suka fara da wuƙa. Rabin na farko sun wuce wata 159 a raye, rabin na biyu ba su wuce wata 18 da 'yan kwanaki ba. Bayan shekara biyar, kashi 79 na masu fara magani kansa ba ta kashe su ba, a ɗaya gidan kashi 20.

A karanta wannan tazara da hankali. Ba ƙuri'a ce ta raba mutanen ba, likitoci ne suka zaɓa, kuma likita ya fi ba mai ƙarfi da lafiyar ƙoda kemo. Wani kaso na tazarar daga nan yake. Amma da wasu masu bincike suka duba babban rumbun bayanan kansa na Amurka a 2017, suka ware nau'o'in da ba a cika gani ba ɗaya bayan ɗaya, wannan iri ne kaɗai ya nuna ƙarin tsawon rai a fili daga fara magani. Hujjoji daga wurare daban-daban sun fuskanci alƙibla ɗaya. A ra'ayinmu, yi wa mai wannan iri tiyata kai tsaye alhali an san irinsa kuma jikinsa na iya ɗaukar kemo kuskure ne.

Haɗin da aka fi amfani da shi a wajen Houston ya fi sauƙi: cisplatin miligiram 75 zuwa 80 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki a rana ta farko, da etoposide miligiram 100 a rana ta ɗaya da ta biyu da ta uku, a maimaita duk kwana 21, sau huɗu. Duka magungunan tsofaffi ne, masu araha idan aka kwatanta da na zamani. Haɗin mai ifosfamide yana bukatar kwanciya asibiti, da maganin mesna don kare mafitsara daga zubar jini, kuma yana iya rikita ƙwaƙwalwa, musamman ga tsoho ko mai raunin ƙoda. Idan ƙoda ba za ta ɗauki cisplatin ba, a wannan iri an yarda a maye gurbinsa da carboplatin. Bayan magani sai a cire mafitsara, ko a yi gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, idan tiyata ba ta yiwuwa.

Wani abu da ake yawan mantawa: wannan iri yana son ƙwaƙwalwa. A gwajin 2009, cikin mutum 16 da ciwonsu ya yi nisa, takwas ya haura musu kai. Don haka a nemi hoton ƙwaƙwalwa tun kafin a fara, kuma ciwon kai mai naci ko mutuwar ɓarin jiki bayan an gama magani ba abin a jira ranar ganin likita ba ne.

Mai ɓawo, ɗan gidan tsargiya: nan wuƙa ce kan gaba

Abin da Bature ke kira ciwon da ba a cika gani ba, wani lokaci shi ne ruwan dare a wajenmu. Irin da takarda ke kira squamous, wanda ƙwayoyinsa suka rikiɗe suka koma kamar na fatar jiki har suna yin ɓawo, bai wuce kashi biyu zuwa biyar cikin ɗari ba a Turai. Rahotannin asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano kuwa sun nuna shi ne ya haura rabin sankarar mafitsarar da suke gani. Sanadin sananne ne: tsargiya. Tsutsar da ke fitowa daga dodon koɗi a tafki da fadama da magudanun noman rani tana zuba ƙwai a bangon mafitsara, bangon ya shekara ashirin ko talatin cikin kumburi, har ƙwayoyinsa su canja hali. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Yaron da ake wa dariya yana fitsarin jini bayan wanka a kududdufi, shi ne magidancin da ke zuwa asibiti yana ɗan shekara arba'in da biyar. Robar fitsari da ta daɗe a jiki da tsakuwar mafitsara su ma suna jawo irinsa.

Masar ce ta fi kowa sanin wannan ciwo. Cibiyar ƙoda da mafitsara ta Mansura, ƙarƙashin Farfesa Mohamed Ghoneim, ta wallafa sakamakon mutum 2,720 da aka cire wa mafitsara daga 1970 zuwa 2000. Kusan rabinsu masu ɓawo ne, kuma kashi 55 cikin 100 na dukkan mutanen sun kai shekara biyar ciwon bai dawo ba. Darasin da aka koya a can shi ne halin wannan iri ya saɓa da na mai ƙananan ƙwayoyi. Ba ya gaggawar bin jini. A wurinsa yake zama yana ci, yana toshe bututun ƙoda, yana kama abin da ke maƙwabtaka da shi, kuma idan ya dawo bayan tiyata, a cikin ƙugu ya fi dawowa. Ga shi kuma ba ya jin cisplatin yadda sauran ke ji. Wani gwaji a Masar da ya raba mutum 114, masu ɓawo da masu irin da aka saba, tsakanin gemcitabine da cisplatin kafin tiyata da kuma tiyata kai tsaye, bai nuna bambancin masu rai bayan shekara uku ba. Rumbun bayanan Amurka ma bai nuna riba ga masu ɓawo zalla ba.

To, ga ciwon da haɗarinsa shi ne girma a wurinsa, jinkirin wata uku a kan maganin da ba a tabbatar yana aiki ba caca ce da ba ta da riba. Ƙa'idar ita ce a cire shi da wuri, cikin mako 12 daga ranar da aka gano, a yanka da faɗi. Idan an tarar ya fita bangon mafitsara ko ya kama kaluluwa, abin da ke da hujja shi ne ƙari bayan tiyata. A gwajin Cibiyar Kansa ta Ƙasa da ke Alƙahira wanda aka wallafa a 2018, mutum 120 ne, kusan rabinsu ba irin da aka saba ba. Waɗanda aka haɗa wa gashi da kemo bayan tiyata, kashi 96 ciwon bai dawo musu a ƙugu ba cikin shekara biyu, masu kemo kaɗai kashi 69.

A nan akwai tarko. Squamous zalla daban, urothelial mai ɗan surkin squamous daban. Na biyun ana yi masa abin da ake wa irin da aka saba, wato magani kafin tiyata. Hasali ma da aka sake duba bayanan SWOG 8710, masu irin wannan cakuɗe sun amfana da kemo aƙalla kamar sauran. Kalma ɗaya a takarda tana iya juya shawarar gaba ɗaya, don haka a tambayi likita kai tsaye: zalla ne ko cakuɗe, kuma kashi nawa?

Sauran nau'o'in ba za mu daɗe a kansu ba. Adenocarcinoma zalla ana fara ta da wuƙa, kuma idan daga ragowar igiyar cibiya ta taso, a saman mafitsara, ana yanke wannan ɓangare tare da cibiyar a bar sauran jakar. Micropapillary da plasmacytoid da sarcomatoid rassan urothelial ne masu mugun hali. Yawancin cibiyoyi suna ba su cisplatin kafin tiyata idan sun kama tsoka, suna sa ido sosai, domin plasmacytoid musamman yakan shimfiɗu a fatar cikin ciki hoto bai nuna ba.

Takardar da ake gina komai a kanta

Tun da sunan iri ne ke yanke hukunci, ingancin tsokar da aka gwada ya fi komai. Ana samo ta ne ta hanyar zura na'ura ta mafitar fitsari a kankare ƙarin. Dole abin da aka kankaro ya haɗa da tsokar bango, in ba haka ba babu mai iya cewa ciwon ya kama ta ko bai kama ba, kuma sai an sake. A jefa shi cikin ruwan fomalin nan take. Tsokar da ta kwana cikin ruwan gishiri ko ta sha zafin mota a hanyar zuwa wani gari tana lalacewa, rini ba ya kama ta yadda ya kamata. Ɗan tsinken da aka tsakuro daga saman ƙari yana iya nuna iri ɗaya alhali can ƙasa akwai wani. Idan takarda ta ambaci wani iri da ba a saba ba, iyali suna da damar karɓar gilasan da dunƙulen kakin da tsokar ke ciki su kai wa wani masanin ya sake dubawa. Mako ɗaya ko biyu da wannan zai ci ya fi wata uku a kan hanyar da ba ita ba.

Ƙoda ce ke da kalmar ƙarshe

Ko iri ya ce magani, sai jiki ya yarda. Cisplatin ta ƙoda yake fita, kuma yana ƙona ta. Ba a ba da shi cikakke idan ƙarfin tacewar ƙoda bai kai mililita 60 a minti ɗaya ba, ko majinyaci ba ya iya 'yan ayyukansa na yau da kullum, ko jinsa ya ragu, ko yana da mutuwar yatsu, ko zuciyarsa ta yi rauni sosai. Kusan rabin masu wannan ciwo suna faɗawa cikin ɗayan waɗannan.

Lissafin ba shi da wuya. A cire shekarun mutum daga 140, a ninka da nauyinsa a kilo, a raba da 72 sau adadin kiriyatinin na jininsa, wato dattin da ƙoda ke tacewa, a ma'aunin miligiram a kowace desilita. Ga mace a ninka sakamakon da 0.85. Ɗan shekara 60 mai kilo 60 da kiriyatinin 1.2 zai samu kusan 56. Takardar gwajin jininsa za ta nuna kamar lafiya lau, amma ya gaza 60. Ga irinsa wasu likitoci suna raba cisplatin biyu, miligiram 35 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki a rana ta ɗaya da 35 a rana ta takwas. Idan kuma ƙarin ne ya toshe bututun da ke sauko da fitsari har ƙoda ta kumbura, a fara buɗe hanya, ko da siririyar roba ta ciki ko da bututu ta baya kai tsaye cikin ƙoda, a jira mako ɗaya zuwa biyu a sake awo. Sau da yawa adadin yana hawa. A irin da aka saba gani, idan cisplatin bai yiwu ba, ba a cike gurbinsa da carboplatin kafin tiyata, domin bai nuna riba ba. Tiyata ake wucewa.

Ga mai tsawon santimita 170 da kilo 60, faɗin jikinsa kusan murabba'in mita 1.68 ne, wato cisplatin miligiram 118 idan ana ba da 70 a kan kowace murabba'in mita. Kafin a sa shi ana ƙara ruwan gishiri lita ɗaya zuwa biyu da sinadarin magnesium, a ƙara wani bayansa. Abubuwan da ke lalata ƙoda a wannan tsakani sanannu ne: amai da aka bari ba a tare ba, diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis don ciwon mara, allurar gentamicin, jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da ƙishirwa. Wanda zagayensa ya faɗo cikin azumi, balle a bazara, ya ɗauki sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya.

Daga kwana na bakwai zuwa na sha huɗu bayan kowane zagaye fararen ƙwayoyin jini suna yin ƙasa. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan lokaci ba na a sha maganin maleriya a kwanta ba ne. A tafi asibiti a daren, a ƙirga jini, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya. Kafin zagaye na farko a gwada ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu, domin kemo na iya tayar da shi. Mai ɗauke da shi ana fara masa tenofovir ko entecavir tukuna. Kumburin ƙafa ɗaya ko numfashi da ya yi wuya farat ɗaya alamar gudan jini ce, abin da cisplatin da kansar kanta suke haɗuwa su jawo.

Hanya ta uku: shiga gwaji

Ciwon da bai kai ɗaya cikin ɗari ba, da wuya a tara ɗaruruwan masu shi a raba su da ƙuri'a. Shi ya sa gwaje-gwajen waɗannan nau'o'i ƙanana ne, mutum ashirin zuwa arba'in, kowa yana karɓar sabon haɗin, babu gidan kwatance. Abin da suke aunawa galibi shi ne mutum nawa aka cire wa mafitsara ba a samu kansa a ciki ba. Alama ce mai kyau, domin waɗanda aka tarar da tasu wayam sun fi daɗewa, amma ba ita ce tsawon rai ba.

Dabarun da ake gwadawa aro ne. A kansar huhu mai ƙananan ƙwayoyi da ta yaɗu, ƙara atezolizumab, wani maganin zaburar da garkuwar jiki, a kan carboplatin da etoposide ya ɗaga matsakaicin rai daga wata 10.3 zuwa 12.3, shi ya sa cibiyar kansa ta Johns Hopkins da ke Baltimore ta buɗe gwajin irin wannan haɗi kafin cire mafitsara. Ga masu ɓawo kuwa, gwajin PURE-01 na Milan a Italiya ya ba da pembrolizumab, shi ma maganin garkuwa, zagaye uku kafin tiyata, kuma a rahoton 2020 shida cikin bakwai masu rinjayen squamous ciwonsu ya fita daga tsoka. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma mutum bakwai ne, kuma Turawa ne da tasu ba ta tsargiya ba ce.

Ga yadda muke auna shi. Ga mai ƙananan ƙwayoyi, gwajin da ya ɗora sabon magani a kan cisplatin da etoposide bai hana shi komai ba, don haka haɗarinsa shi ne illar sabon maganin kawai. Gwajin da ya cire kemo ya sa wani abu a gurbinta kuwa ya raba shi da abin da aka san yana aiki. Ga mai ɓawo zalla, abin da yake bayarwa shi ne lokaci, don haka gwajin ya zama gajere, mai hoto a tsakiya, da sharaɗi a rubuce cewa idan ƙarin ya ƙaru za a tsaya a yi tiyata. Magungunan garkuwa suna da nasu sharri: garkuwar tana iya juyowa ta kama hanji da gudawa, ko huhu, ko hanta, ko maƙoƙo, ko 'yar ƙullin da ke saman ƙoda wadda ke riƙe hawan jini lokacin tiyata. Ana kwantar da su da prednisolone, wajen miligiram ɗaya a kowane kilo, kuma hakan na iya ɗaga ranar tiyata.

Kafin sa hannu a nemi lambar rajistar gwajin a duba ta a ClinicalTrials.gov ko a rajistar Afirka ta PACTR, a ga shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, a kuma ji a fili wa zai biya kuɗin magani, da hotuna, da jinyar illa idan ta taso, da tiyatar kanta. Mai shiga yana da 'yancin fita duk ranar da ya so ba tare da an juya masa baya ba. Wanda ya ce a kawo kuɗi a sayi gurbi a gwaji, ba gwaji yake yi ba.

Inda shirin ke wargajewa

Amfanin fara magani yana tabbata ne idan an kai ga tiyatar. Mafi munin sakamako shi ne rabi da rabi: zagaye biyu, kuɗi ya yanke, ko fitsarin jini ya tsaya majinyaci ya ga ya warke ya koma gida, sai bayan wata shida ya dawo da ciwon da ba ya ciruwa. Tsayawar jini ba warkewa ba ce, kuma hoto mai tsabta bayan kemo ba ya tabbatar da cewa mafitsara ta tsarkaka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka sa zagaye na farko, a ranar ya kamata a san likitan da zai yanka da makon da zai yanka, wato mako huɗu zuwa shida bayan zagaye na ƙarshe. A lissafa kuɗin zagaye huɗu da na tiyata da na jinin da za a ƙara tun kafin a fara. Idan abin da ke hannu ba zai ɗauki duka biyun ba, a faɗa wa likita ƙarara, domin wannan kaɗai na iya canja shawara. Bayan zagaye na biyu a sake hoto: ƙari ya ragu ko ya tsaya, a ci gaba; ya ƙaru, a bar magani a shiga ɗakin tiyata.

Makonnin kemo kuma su ne lokacin yanke shawarar inda fitsari zai bi. Ko a fito da shi ta gefen ciki cikin jakar da ake mannawa, wadda ake canjawa duk kwana uku zuwa biyar, sai an tabbatar ana samunta a garin da mutum yake. Ko a ɗinka sabuwar mafitsara da hanji, abin da ke bukatar ƙoda mai lafiya da mafitar fitsari da ciwon bai taɓa ba. Ko a karkatar da shi zuwa babban hanji ya riƙa fita ta dubura, hanyar da ba ta bukatar jaka, amma sai ƙofar dubura tana riƙewa da kyau, kuma sai an riƙa auna gishirin jini, domin hanji yana sake tsotse fitsarin ya sa jini tsami, har a riƙa shan sodium bicarbonate kullum don daidaita shi.